Rufin gida a ƙasar zafi da ruwa: kwano, dal ko ƙasa?

Malam Habibu, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan rufin gidajen da ake ginawa yanzu, domin a ganina shi ne ɓangaren gini da muka fi zuba wa kuɗi, kuma shi ne muka fi yi wa ganganci. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Garwa da ke arewacin Kamaru, daga Marware zuwa Jambutu, zai ga yayi iri biyu. Akwai rufin ɓoye, inda ake ɗaga bango ya zarce kwano ta kowane gefe har mai wucewa ya zaci dal, wato rufin kankare, aka zuba, akwai kuma dogon rufi mai tsini da baƙin kwano, wanda tsayinsa kan kusan kai na ɗakin da ke ƙarƙashinsa. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, sannan damina ta sauke mana ruwan da ya kai kusan milimita 1000 a shekara, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba. Tambayata ga masana da masu sana'a da ke cikinmu ita ce, wane rufi ne zai iya da zafin da ruwan tare, ba tare da mai gida ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, alhali wuta ba kullum take samuwa ba?

Injiniya Bashir, Ngaundere

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zaɓi kaya ya kamata a san ta inda zafin yake shigowa. Baƙin kwano da ya wuni a rana yana iya kaiwa digiri 70 ko fiye, kuma da yake siriri ne ba ya riƙe zafin, yana watsa shi ne kai tsaye kan silin, silin kuma ya sauke shi kan mutanen ɗaki. Iskar da ke tsakanin kwano da silin ita ma tana dahuwa, kuma idan an toshe ta ta ko'ina, kamar yadda rufin ɓoye yake yi, ba ta da hanyar fita, sai ta ci gaba da gasa silin har bayan magariba.

Aikin kwano irin na malafa ne, ya tare rana da ruwa, amma a bar wa iska hanya a ƙarƙashinsa. Saboda haka abin da nake ba masu gini shawara a kai shi ne rufi mai hawa biyu. A sama a sa kwano mai haske, fari ko launin alminiyum ɗinsa na asali, a ƙasa a sa silin mai kauri wanda zafi ba ya ratsa shi da sauri, a tsakani kuma a bar fili mai ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can sama a bangon gefe, domin iska mai zafi sama take hawa, idan ta sami mafita sai mai sanyi ta biyo bayanta. Wannan ba sabon tunani ba ne. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar kyautar duniya ta masu zanen gine-gine, a 2022, haka ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001. Silin na bulon ƙasa ne, kwanon kuma yana can sama a kan ƙarafan rodi da aka yi wa walda, ya zarce bango sosai ta kowane gefe. Yanayin Gando bai yi nisa da namu na Garwa da Marwa ba.

Batun bakin rufi shi ne babban laifin rufin ɓoye a wurina. Kwanon da ya fito santimita 60 zuwa mita ɗaya daga bango yana yi wa bangon da tagogi inuwa da rana tsaka, yana kuma hana ruwa wanke yaɓe. Rufin ɓoye ya bar bango tsirara, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi.

Baba Audu Kafinta, Marwa

Injiniya, maganarka a kan zafi ban da ja a ciki, amma ina so in ja hankalinka kan bakin rufi mai tsawon mita ɗaya. Mu nan abin da yake kwashe mana rufi ba ruwan Agusta ba ne, iskar farkon damina ce, wadda take tasowa daga gabas a Afrilu da Mayu, ta zo da ƙura tun kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Iskar nan ta ƙarƙashi take shiga ta ɗaga, kuma duk yadda bakin rufi ya yi tsawo haka take samun wurin kamawa. Mutane da yawa tsoronta ne ya kai su rufin ɓoye, ba ado kawai ba, kuma kafinta da ya taɓa tsintar kwanon da ya kafa a gonar wani ba zai raina wannan tsoro ba.

Injiniya Bashir, Ngaundere

Gaskiya ne, Baba, iska tana ɗagawa, kuma ta fi ƙarfi a kusurwoyi da gefen rufi. Sai dai yawancin rufin da na duba bayan guguwa ba kwano ne ya rabu da katako ba, katakon ne gaba ɗaya ya rabu da bango, domin an ɗora shi ne kawai an liƙe da siminti. Ina roƙonka ka bayyana wa jama'a yadda ake ɗaurin da ya dace, tunda hannunka ya fi nawa sanin aikin.

Baba Audu Kafinta, Marwa

To, ɗaurin rufi ba ranar da kafinta ya zo yake farawa ba, tun ranar da birkila yake zuba ɗamarar kankare ta saman bango yake farawa. A lokacin ake dasa siririn rodi mai milimita 6 a cikin kankaren, a maƙale shi da rodin ɗamarar, a bar kawunansa biyu a waje daidai inda kowane katakon rufi zai zauna. Idan na ɗora katakon sai in lanƙwaso rodin nan ta bisansa daga hagu da dama, in buga shi da guduma har ya ɗan nutse cikin itacen, sannan in danne kansa da ƙusa. Wanda bai dasa rodin ba, daga baya ya zo yana ɗaure katako da waya a jikin bulo ɗaya, to bulon ne zai tashi tare da rufin.

Kwanon kansa kuma daga yamma ake fara shimfiɗa shi a nufi gabas, domin bakin kowane haɗi ya ba iska baya. A gefe a hau tudu ɗaya da rabi, a tsawo a hau santimita 15 zuwa 20, ƙusa kuma a kan tudu ake buga ta da robarta, ba cikin kwarin da ruwa yake bi ba, kuma a gefe da kusurwa ana ƙara yawanta. Idan an yi haka na yarda da santimita 60 zuwa 80. In mutum yana son inuwar da ta fi haka, ya yi baranda mai ginshiƙai da aka kafa a ƙasa.

Ina kuma roƙon masu gini su daina sayen kwano mafi siriri don rage kuɗi, araha ba ta ado. Alminiyum yana miƙewa da zafi ya koma da sanyi kullum, sai ramin ƙusa ya yi ta faɗaɗa, kuma siririn ne yake fara yagewa. Mai kaurin 5/10 ko 6/10 na milimita ya fi zama lafiya. Katakon da ake kawo mana daga kudu ta Ngaundere ma a duba shi, domin farin katako mai taushi abincin gara ne in ba a shafe shi da magani ba tun yana ƙasa.

Hajiya Rabi, Njamena

Ni dai ina bayan dal, kuma ina da dalilaina. Iska ba ta ɗaukarsa, ƙarar ruwa ba ta hana mutane jin juna a ɗaki, kuma duk ranar da Allah Ya hore ana iya ɗora bene a kai, abin da yake da muhimmanci a garin da fili ya yi tsada. A ambaliyar 2022, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka shiga unguwanni irin su Waliya, masu dal sun sami inda za su hau da kayansu da hatsinsu. Amma zafin dare yana ba mu wahala ƙwarai. Da rana ɗaki yana da dama, sai bayan isha'i zafi ya fara saukowa daga sama, har ƙarfe biyun dare idan ka ɗora hannu a katifa za ka ji ta da ɗumi, fanka kuma iska mai zafi kawai take juyawa. A bazara yara a tsakar gida suke kwana. Injiniya, ko akwai gyara ga wanda ya riga ya zuba?

Injiniya Bashir, Ngaundere

Akwai, Hajiya. Kankare mai kaurin santimita 15 nauyinsa ya kai kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, kuma duk wannan nauyi yana shan zafi ne daga safe zuwa yamma, ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa, shi ya sa yake isowa ɗaki daidai lokacin barci. Gyaran shi ne a hana rana taɓa shi tun farko. Mafi sauƙi shi ne a shafe samansa da farin fenti ko farar ƙasa, kuma birnin Ahmedabad na Indiya ya yi amfani da wannan dabara a gidajen talakawa masu yawa. Matsalarmu ita ce ƙurar hunturu tana dusashe farin, don haka sai an wanke ko an sake shafawa kafin Maris. Abin da ya fi wannan ƙarko shi ne a kafa rumfar kwano a bisa dal ɗin, a bar gefenta a buɗe, a ɗaure ƙafafunta da kankare kamar yadda Baba Audu ya bayyana. Kin ga an koma rufi mai hawa biyu ke nan, kin kuma sami wurin shanya da wurin shan iska. Allunan sola ma suna yin inuwa idan an ɗaga su daga dal ɗin.

Ta fuskar ruwa kuwa, dal ba ya son a shimfiɗa shi daidai wa daida. Ana ba shi gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa wajen indararo, a rufe shi da shimfiɗar kwalta, a hau da ita jikin ɗan bangon da ke kewaye. Ruwan da ya kwanta a kai yakan bi tsaga ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren ta ciki, kuma wannan gyara ne mai tsada da haɗari.

Malam Isiyaku, Kuseri

Ina bin maganar tun farko, kuma abin da ya dame ni shi ne muna ta neman dabarar rage zafin kwano da kankare, mun bar abin da ba ya ɗaukar zafin irin haka. Kakanninmu sun rufa soro da azara da ƙasa, suka yi bakan gizo da tulluwa, suka shafe da makuba, suka fitar da ruwa ta indararo mai tsawo don kada ya taɓa bango. Babban masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da wannan fasaha aka rufa shi. Maƙwabtanmu ƙabilar Musgum na garin Pus, a bakin Logon, a da suna gina ɗakuna masu tsini da ƙasa zalla, zanen da ke jikinsu yana rarraba ruwa yana kuma zama matakala ga mai gyara, ga ƙofar iska a can ƙololuwa.

Na san azara ta yi wuya, domin giginya tana ɗaukar shekaru da yawa kafin ta isa sara, kuma ba na son a ƙarasa wadda ta rage. Amma akwai rufin baka na Nubiya, wanda ba ya buƙatar itace ko kwano. Ana jingina ƙananan bulon ƙasa a karkace jikin bangon ƙarshe, a yi ta jerawa har baka ta rufe, sannan a shimfiɗa leda a danne ta da ƙasa. Ƙungiyar La Voûte Nubienne ta fara koyar da shi a Burkina Faso a shekarar 2000, ta kai shi Mali da Sanagal da Gana da Binin. Faɗin ɗakinsa ba ya wuce mita 3.25, amma tsawo yadda kake so. A Kuseri da Njamena, inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 500 zuwa 600, ban ga abin da zai hana mu koyonsa ba, kuma kuɗin aikin yana komawa hannun magina da leburorin gari.

Malama Hadiza, Yagwa

Malam Isiyaku, ina girmama ra'ayinka, amma mu da muke aikin jinya a Yagwa mun ga abin da daminar 2022 da ta 2024 suka yi wa gidajen ƙasa. Yawancinsu ba ta sama ruwa ya ci su ba, ta gindi ya jiƙa bango har ya zube, kuma rufin ƙasa mai nauyi idan ya faɗo a kan masu barci ba ya barin dama. Duk wanda zai yi shi a ƙasarmu mai kwanciyar ruwa, sai ya ɗaga harsashi da dutse ko siminti sama da inda ruwa ya saba kaiwa, in kuwa filin fadama ne gara ya haƙura.

Ina kuma da magana ga Injiniya a kan ƙofofin iska. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi shiga ɗaki ta tazarar da ke tsakanin bango da rufi, domin yana bin warin mutane ne, in ya taras da bango sai ya hau sama. Idan aka ce wa jama'a su buɗe ƙarƙashin rufi ba tare da ƙarin bayani ba, to daga Agusta zuwa Oktoba yaranmu ne za su biya kuɗin.

Injiniya Bashir, Ngaundere

Wannan gyara ne mai muhimmanci, Malama. Iskar da nake magana a kai tsakanin kwano da silin za ta bi, ba cikin ɗaki ba, don haka silin dole ya rufe ruf har jikin bango, kuma kowace ƙofar iska a sa mata raga mai ƙananan idanu. Ragar tana hana jemagu ma, waɗanda kashinsu yake taruwa a kan silin har ya ɓalle. Gidan da ba shi da silin kuwa, a toshe bakin rufinsa, a nemi iska ta tagogi masu raga da suke fuskantar juna.

Ga Malam Isiyaku kuma, ni ban ɗauki ƙasa da kwano a matsayin kishiyoyi ba. Rufin baka na ƙasa da kwano a bisansa shi ne mafi sanyin rufin da na sani, kuma kwanon yana ɗauke wa mai gida yaɓen shekara-shekara, wanda shi ne yake gajiyar da mutane har su guji ginin ƙasa. A nan Ngaundere, inda ruwa yake kai kusan milimita 1500, ba zan bar rufin ƙasa a fili ba ko kaɗan.

Malam Isiyaku, Kuseri

Na karɓi maganar harsashi daga Malama. Ta kwano a bisa baka kuwa ban gamsu ba, Injiniya, domin wanda ya koma ƙasa don ya tsere wa kuɗin kwano da katako, ka sake ɗora masa su. Ga mai hali shawara ce mai kyau, amma manomin da yake da ƙasa da hannuwa ya fi buƙatar magini da ya ƙware da indararo mai kyau.

Sadiƙu, Gidar

Iyayena da yayyena, yawancinmu matasa haya muke yi, ɗaki ɗaya na kwano ba silin, kuma ba mu da ikon taɓa ginin. Shin akwai abin da ɗan haya zai iya yi da ɗan abin da ke hannunsa?

Baba Audu Kafinta, Marwa

Ɗana, ka nemi izinin mai gida ka shafe kwanon da farar ƙasa a ƙarshen Fabrairu, damina za ta wanke ta amma ta riga ta raka ka bazara. Wasu suna shimfiɗa zana a kan kwano su danne da duwatsu, kuma tana sanyaya ɗaki sosai, sai dai dole a sauke ta kafin ruwan farko, domin tana riƙe danshi kwano ya yi tsatsa, ga kuma haɗarin gobara idan murhu yana kusa. A ciki kuma ka ɗaura tabarmi ko zana a ƙarƙashin katako ta zama silin, ka bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninta da kwano.

Malam Habibu, Garwa

Akwai abin da ba mu taɓa ba, wato inda ruwan yake zuwa bayan ya bar rufi. Kowace milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a Garwa yana karɓar kusan lita 100,000 a shekara, kuma hadari ɗaya mai milimita 50 yana sauke masa lita 5,000, wani lokaci cikin sa'a guda. A rufin ɓoye duk wannan ruwa ta wata 'yar kwata da ke bayan bango yake bi. Na hau rufin wani maƙwabcina da silin ɗinsa ya jiƙe, na taras da kwatar cike da ganyen darbejiya da leda da ƙasar hunturu da ta daskare, bakin bututun kuwa bai fi a zura yatsu uku ba. Ruwan da ya rasa hanya sai ya koma baya ya bi ƙarƙashin kwano ya sauka kan gado. Kwanon ma kusan a kwance yake, domin an rage gangarensa don ya ɓuya.

Injiniya Bashir, Ngaundere

Kwano mai tudu da kwari yana son gangaren da bai gaza santimita 25 zuwa 30 a kowace mita ba. Dogon rufi mai tsini kuwa ya wuce buƙata, yana cin kwano da katako ninki, yana kuma tare iska. Wanda ya riga ya yi rufin ɓoye ya faɗaɗa kwatar, ya ƙara bututu, ya kuma huda bangon a ɗan sama da bakin kwatar, domin idan ta toshe ruwa ya zuba waje maimakon ɗaki. A yankin Marwa da Yagwa, inda ake da baƙar lakar karal da ake dasa masakwa a cikinta, kada a bar ruwan rufi ya zuba gindin bango, domin lakar tana kumbura da ruwa ta tsage da rani, harsashi kuma ya bi ta. A ja shi da bututu zuwa tanki mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke rufin ya tafi kafin a fara tarawa.

Baba Audu Kafinta, Marwa

Duk wanda zai duba rufinsa ya yi a farkon Afrilu, kafin iskar gabas ta fara. A hau da sassafe kwano bai yi zafi ba, a taka kan layin ƙusoshi inda katako yake ƙarƙashi, kada a taka tsakiya kwano ya lotsa. Ƙusar da ta ɗago kada a mayar da ita raminta na da, a cire ta a sa wadda ta fi ta kauri da sabuwar roba, a share kwata da indararo, sannan a leƙa cikin silin da tocila a ƙwanƙwasa katako, wanda ya yi ƙarar holoƙo gara ta cinye cikinsa, a canza shi kafin hadari ya haɗo.